Tambaya da Amsa: Ƙarfin Superman, daga tsalle zuwa tura duniyoyi

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karo sun taru ne a kan mutum ɗaya, wato Superman, jarumin labaran zane na Amurka mai jar alkyabba, saboda haka na ware masa filin baki ɗaya. Na zaɓi tambayoyi biyar daga cikinsu, na kuma taƙaita su yadda za su shiga shafi ba tare da an taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Gardama ce ta haɗa ni da ɗana. Na taɓa jin cewa asalin Superman ba ya tashi sama, tsalle kawai yake yi, shi kuwa yaron ya ce ban san labarin ba ne. Muna roƙon a raba mana gardama. Daga wani mahaifi.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Gaskiya tana wajenka, Malam, ko da yake ba zan ga laifin yaron ba, domin Superman ɗin da ya buɗe ido ya gani ya yi nisa da wanda Jerry Siegel ya rubuta, Joe Shuster ya zana. Waɗannan samari biyu na birnin Cleveland da ke jihar Ohayo su suka ƙirƙiro shi, kuma ya fara bayyana ne a fitowar farko ta mujallar Action Comics mai ɗauke da watan Yuni na 1938, wadda a bangonta aka zana shi ya cira mota sama yana fyaɗa ta da dutse. A farkon labarin an faɗi iyakar abin da yake iyawa dalla-dalla. Yana tsallen kashi ɗaya cikin takwas na mil, wato kimanin mita 200, yana tsallake bene mai hawa 20, yana ɗaga kaya masu tsananin nauyi, yana tsere wa jirgin ƙasa mai gudu, kuma babu abin da ke huda fatarsa in ba fashewar harsashin igwa ba. A lura da wannan na ƙarshe, domin abin da yake nufi shi ne a 1938 igwa tana iya yi wa Superman rauni. Tashi sama kuwa ko ambatonsa ba a yi ba.

Tashin ya shigo ne daga wajen littafi. A watan Fabrairu na 1940 aka fara wasan kwaikwayonsa a rediyo, kuma da yake a rediyo kunne ne ke aikin ido, ƙarar iska kawai ake sakawa a ce ga shi can sama, mai sauraro kuma ba shi da hanyar bambanta tsalle da tashi. Daga 1941 kamfanin Fleischer ya soma fitar da gajerun finafinan katun a kansa, sai masu zanen suka ga cewa ƙato yana ta diro yana sake zabura kamar kwaɗo abin dariya ne idan hoto yana motsi, suka nemi iznin masu mujallar a bar shi ya riƙa tashi, aka amince musu. Littattafan suka bi sahu a hankali, kafin tsakiyar shekarun 1940 tashi ya zama nasa kamar da shi aka haife shi.

Daga nan ƙarfin ya yi ta hauhawa ba linzami. A shekarun 1950 da 1960, zamanin da Mort Weisinger yake editan labaransa, Superman ya kai ga tura duniyoyi daga muhallinsu, da ratsa tsakiyar rana ya fito ko gashinsa bai ƙone ba, da gudun da ya wuce na haske har ya faɗa zamanin da ya shuɗe ko wanda bai zo ba, da daskarar da ruwa da hucin bakinsa, har ma da jefa muryarsa ta fito daga wani wuri mai nisa. Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya san harkar mujalla: kowane wata sai an fito da abin mamakin da ya fi na watan jiya, in ba haka ba yaro ya miƙa kuɗinsa ga wani jarumin. Sai dai wannan hauhawa ta zame wa marubutan ƙarfen ƙafa, domin wanda yake tura duniya da hannu, wane ɓarawon banki ne zai sa mai karatu ya ji tsoro a kansa? Sau biyu aka yi yunƙurin rage masa ƙarfi da gangan. A 1971 marubuci Dennis O'Neil ya shirya dogon labarin da a ƙarshensa Superman ya rasa kusan sulusin ƙarfinsa, amma ba a jima ba waɗanda suka biyo baya suka mayar masa. A 1986 John Byrne ya sake gina labarin tun daga tushe, ya fito da Superman mai gajiya, mai buƙatar riƙe numfashi idan zai fita sararin samaniya, wanda ba ya iya motsa duniya. Shi ma wannan ƙarfinsa ya ci gaba da ƙaruwa a hannun marubutan baya. Saboda haka duk wanda ya tambaye ka iyakar ƙarfin Superman, ka fara tambayarsa na wace shekara yake nufi.

TAMBAYA: Malam, ni malamar kimiyya ce, kuma ɗalibaina sun dame ni da tambayar ko hasken rana zai iya ba mutum irin wannan ƙarfi kamar yadda ake faɗa a labarin. Akwai wani abu na ilimi a ciki da zan iya amfani da shi a aji, ko kuwa in ce musu tatsuniya ce kawai? Daga wata malamar makaranta.

AMSA: Malama, tatsuniya ce, amma irin wadda ake iya koyar da darasi uku ko huɗu da ita. Kafin mu je ga rana, yana da kyau ɗalibanki su san cewa wannan bayani shi ne na uku da aka ba da, kuma kowane bayani ya zo ne bayan ƙarfin da yake ƙoƙarin yi wa hujja.

Na farko, a 1938, cewa aka yi mutanen duniyar da ya fito jikinsu ya riga namu ci gaba da miliyoyin shekaru, aka kuma kafa hujja da tururuwa mai ɗaukar abin da ya ninka nauyinta sau da yawa, da fara mai dogon tsalle. Wannan hujja Galileyo ya riga ya rushe ta tun 1638, shekara 300 cif kafin a zana Superman. Ƙarfin tsoka yana bin kaurinta ne, nauyin jiki kuwa yana bin girmansa ta kowace fuska, ta yadda idan aka ninka halitta sau biyu a tsawo da faɗi da kauri, ƙarfinta zai ninku sau 4 amma nauyinta sau 8. Ƙanƙantar tururuwa ita ce sirrin ƙarfinta, kuma da za a hura ta ta kai girman mutum, da ƙyar ƙafafunta za su ɗauki gangar jikinta.

Na biyu ya fi na farko ma'ana. Aka ce duniyarsu, wato Kiripton, ta fi tamu girma da ƙarfin janyo abu zuwa ƙasa, don haka jikin da aka halitta domin can zai ji nan kamar babu nauyi. Wannan yana da misali na zahiri, domin janyowar wata kashi ɗaya ce cikin shida na ta duniya, kuma kowa ya ga yadda 'yan sama jannatin da suka sauka a kansa daga 1969 suke tafiya suna tsalle-tsalle duk da nauyin kayan da ke jikinsu. Za ki iya ba ɗalibai lissafin su yi da kansu: wanda zai yi tsallen mita 200 tsaye zuwa sama dole ya bar ƙasa da gudun kusan mita 63 a daƙiƙa, kimanin kilomita 225 a awa ke nan. Amma bayanin yana da gibi biyu. Superman yana jariri aka kawo shi duniyarmu, tsoka kuwa tana raguwa ne idan ba ta samun nauyin da za ta yi kokawa da shi, shi ya sa mazauna tashar sararin samaniya suke motsa jiki kusan awa biyu kullum. Sannan ko an yarda da tsalle, ƙarancin janyowa ba ya bayyana yadda mutum zai tsaya cak a sama, ko ya juya hagu alhali babu abin da ya tokara.

Daga nan ne, wajen 1960, aka kawo zancen rana, aka ce ranar Kiripton ja ce, tamu kuwa rawaya, kuma jikinsa yana zuƙar haskenta yana tarawa. A ganina wannan ya warware wa marubutan wata matsala da ta daɗe tana damun labarin, wato idan duk mutanen Kiripton suna tashi sama kuma ba abin da ke huda su, me ya hana su tserewa lokacin da duniyarsu za ta tarwatse? Da aka ce a ƙarƙashin jar rana su ma mutane ne kamar kowa, sai tambayar ta mutu. An ce kowane gauta ja ne sai dai in bai sha rana ba, to a nan kowane ɗan Kiripton Superman ne sai dai in bai sha ranarmu ba. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, domin jajayen taurari sun fi ranarmu sanyi, ita kuwa zafin samanta ya kai kimanin digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyos, ko da yake wanda ya kalle ta daga sararin samaniya fara zai gan ta.

Lissafin shi ne inda gizo ke saƙa. Da tsakar rana, idan gari ya yi garau, kowace murabba'in mita ta ƙasa tana samun kimanin wat 1,000 na haske, kuma ɓangaren jikin mutum da ke fuskantar rana bai cika murabba'in mita ɗaya ba. A yi masa alfarma a ce ya cika, kuma ba ya asarar komai. Ɗaga mota mai kilo 1,500 zuwa tsayin mita 2 zai ci abin da ya tara a cikin daƙiƙa 30 kacal, wanda ke nuna cewa hoton bangon 1938 bai yi wa lissafi karan tsaye ba ta wannan fuska. Amma ɗaga jirgin ruwa mai tan 100,000 zuwa tsayin mita 100 zai buƙaci fiye da shekara 3 yana shanya a rana tsaka, ba dare ba gajimare. Tura duniya kuwa ba a ma fara zancensa.

Ko da an ba shi ƙarfin kyauta, kayan da yake ɗagawa ba za su jure ba. Jirgin ruwa an ƙera shi ne domin ruwa ya tallafe shi daga kai har gindi, kuma idan aka ɗora dukan nauyinsa a kan tafin hannu biyu, ko dai hannun ya ɓula shi ko ya karye gida biyu. Haka wanda ya faɗo daga dogon bene, jikinsa yana iya kaiwa gudun kusan kilomita 200 a awa, kuma idan hannu mai taurin ƙarfe ya tare shi farat ɗaya, bambancinsa da wanda ya faɗi a kan daɓe kaɗan ne. Ceton gaskiya sai mai ceton ya bi shi ƙasa yana rage masa gudu sannu a hankali.

TAMBAYA: Malam, shin koren dutsen nan da ke karya lagon Superman akwai shi a zahiri? Kuma shi kaɗai ne makarinsa? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana, babu shi, sai dai akwai abubuwa biyu na zahiri da suke sa mutane ruɗewa. Akwai sinadari mai suna kiripton, na 36 a jadawalin sinadarai, wanda William Ramsay da Morris Travers suka gano a Ingila a 1898. Iska ce marar launi marar wari da ake amfani da ita a wasu fitilu, sunanta daga kalmar Girkanci mai nufin ɓoyayye, kuma ba ta da wata alaƙa da labarin sai ta suna. Na biyun ya fi ban dariya. A 2007 labari ya bazu cewa wani ma'adani da aka haƙo a kwarin Jadar na ƙasar Sabiya, sinadaran da ke cikinsa sun yi daidai da waɗanda aka rubuta a jikin akwatin kiriptonait, wato koren dutsen da kake tambaya a kai, a wani fim ɗin Superman na 2006, in ban da guda ɗaya da babu. Ma'adanin fari ne mai gari-gari, ba ya ƙyalli, ba ya cutar da kowa, kuma darajarsa tana ga litiyom ɗin da ke cikinsa, wanda ake yin batir da shi.

A labarin, kiriptonait ɓaraguzan duniyarsu ne da suka zama guba bayan ta tarwatse. Shi ma ta rediyo ya fara fitowa a 1943, bai shiga littattafan ba sai 1949, kuma a fitowarsa ta farko ja aka zana shi kafin daga baya a tsaya a kan kore. Da marubuta suka ga amfaninsa sai suka yi ta rina shi: kore yana raunana shi har ya kashe, ja yana jawo masa sauye-sauye marasa kan gado na ɗan lokaci, mai ruwan zinariya kuma yana raba shi da ƙarfinsa har abada. Ya yi yawa a labaran har ya zama kamar tsakuwa, kowane ƙaramin ɗan ta'adda yana da nasa a aljihu, shi ya sa labarin 1971 da na ambata a sama ya buɗe ne da mayar da dukan kiriptonait na duniya baƙin ƙarfe. Abin da ya fi burge ni a wannan dutse shi ne an zaɓi makarin jarumin ya zama guntun ƙasar haihuwarsa, ba makamin da wani abokin gaba ya ƙera ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Hasken jar rana yana mayar da shi mutum kamar kowa, sihiri kuma yana cinsa kamar yadda yake cin kowa, domin ƙarfinsa na jiki ne. Sannan gaba da gabanta: a ƙarshen 1992 wani dodo mai suna Doomsday ya kashe shi da duka tsagwaronsa, ba dutse ba sihiri, ko da yake shekarar 1993 ba ta ƙare ba sai da aka dawo da shi.

TAMBAYA: Malam, idan Superman yana gani ta bayan bango da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, ashe ba ya cutar da mutanen da yake kallo? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

AMSA: 'Yar'uwa, da abin yana aiki yadda sunansa ya nuna, da kin yi gaskiya, domin yawan shiga wannan haske na eksire yana da illa, kamar yadda kika fi ni sani. Amma ko da idonsa yana fitar da shi, ba zai ga komai ba. Tun da Wilhelm Rontgen ya gano hasken a Jamus a 1895, tsarin ɗaukar hoto da shi a asibiti bai sauya ba: na'ura tana harbo shi daga gefe ɗaya, faranti yana karɓarsa a ɗaya gefen, abin da ake gani kuma inuwar ƙashi ce. Superman zai buƙaci ya tsaya a gaban bango da bayansa a lokaci guda. Tunanin cewa ido yana harba wani abu ne ya gano abin da yake kallo tsoho ne ƙwarai, kuma Ibnul Haisam, masanin nan haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya tabbatar kimanin shekara dubu da suka wuce cewa haske ne ke shigowa ido. Abu ɗaya da marubutan suka ɗauko daidai shi ne dalma, wadda ke tare ganinsa kamar yadda take tare hasken a asibiti. Wannan gani ya samu tun 1939, wutar da yake fitarwa daga idonsa kuma da farko zafin wannan hasken aka ce ne, sai a farkon shekarun 1960 aka raba su.

TAMBAYA: Malam, wani abokina ya rantse cewa Muhammad Ali ya taɓa doke Superman a dambe. Na ce masa wasa yake yi. Mene ne gaskiyar magana? Daga wani mai sha'awar dambe.

AMSA: Ɗan'uwa, abokinka bai yi kaffara ba. A 1978 kamfanin DC, mai mallakar Superman, ya fitar da wani babban littafi na musamman wanda Neal Adams ya zana, a kan labarin da Dennis O'Neil ya tsara. Wasu halittu ne suka zo daga wata duniya suka ce a fito musu da gwarzon mutane ya kara da nasu, in ba haka ba su hallaka duniya. Superman ya ce shi ne, Ali ya ce ai shi ma baƙo ne, ba ɗan nan ba, don haka aka yanke cewa su biyun su fara karawa a ga wanda zai wakilci mutane. Domin a yi adalci sai aka kai damben wata duniya mai jar rana, inda Superman ba shi da komai sai ƙwanjinsa, kuma Ali da kansa ya koya masa dabarun dambe kafin ranar.

Abin da ya biyo baya shi ne Ali ya yi masa jina-jina. Superman ya ƙi faɗuwa duk da dukan da yake sha, har Ali ya janye hannu ya ƙi ci gaba da bugun wanda ba ya iya kare kansa, sa'annan ya kife, aka fitar da shi a kan makara ta marasa lafiya. Ali ya je ya buge gwarzon baƙin, yayin da Superman, bayan ya farfaɗo, ya tarwatsa jiragen yaƙinsu. A ƙarshen labarin Ali ya nuna masa cewa ya gano shi ne Clark Kent, wato sunan da Superman yake ɓuya da shi a cikin mutane, sirrin da abokan aikinsa na jarida suka shekara arba'in ba su gano ba.

Aikin littafin ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka tsara, har ya zamana yana kan teburan masu sayarwa ne a daidai lokacin da kambun duniya na ajin masu nauyi ba ya hannun Ali, domin Leon Spinks ya ƙwace shi a watan Fabrairu na 1978. Ali ya karɓo abinsa a watan Satumba na wannan shekara, karo na uku ke nan da ya riƙe kambun.